Ƙudan Bombus a Gonakin Turai da Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Noma Ke Raya Shi Ko Ƙarar da Shi

A ƙasashen sanyi akwai wani ɗan'uwan ƙudan zuma, ƙato mai gashi, wanda manoman tumatir da na tuffa da masu samar da irin ciyawar dabbobi suka daɗe suna cin moriyarsa. Cikin shekaru tamanin da suka wuce nau'o'insa da dama sun ja baya, wasu ma sun ɓace ɗungurungum daga wasu ƙasashe, kuma masana sun bi sawun abin da ya same shi dalla-dalla fiye da yadda aka bi na yawancin ƙwari.

Wane irin ƙwaro ne wannan, kuma me ya raba shi da ƙudan zuman da muka sani?

Da Ingilishi ana ce masa bumblebee, masana kimiyya kuma suna kiran danginsa Bombus, kuma da wannan suna za mu kira shi tunda ba shi da nasa a Hausa. Rashin sunan ba abin mamaki ba ne, domin babu shi a Afirka kudu da Sahara. Akwai nau'o'insa kimanin 250 a duniya, mafi yawansu a Asiya da Turai da Arewacin Amurka, wasu a Kudancin Amurka, kaɗan kuma a arewacin Afirka. Ya fi ƙudan zuma kauri nesa ba kusa ba, jikinsa lulluɓe da gashi mai zanen baƙi da rawaya, ƙarshen cikinsa fari ko ja gwargwadon nau'i. Gashin nan da iya ɗumama jikinsa ta hanyar karkaɗa tsokar ƙirji su ne suka ba shi ikon fita kiwo da sanyin safiya ko cikin yayyafi, lokacin da ƙudan zuma ke lafe a amya.

Babban bambancin shi ne ba ya tara zuma. Abin da ke cikin gidansa ba ya wuce abincin 'yan kwanaki, kuma kusan duk abin da za a faɗa a ƙasa yana komawa ne ga wannan magana.

Yaya rayuwar gida ɗaya take, har da aikin gona zai taɓa shi haka?

Gidan ƙudan zuma yana iya ɗaukar shekaru, da dubban ma'aikata da rumbun zumar da za ta kai su ƙarshen hunturu. Gidan bombus kuwa shekara ɗaya tak yake yi, kuma daga sarauniya guda yake farawa. Ita kaɗai ce ke tsallake hunturu, a kwance cikin ɗan ramin da ta tona a ƙasa, tana rayuwa da kitsen jikinta wata shida ko fiye. A kudancin Ingila, wajen watan Maris, idan rana ta ɗan yi ɗumi, sai ta fito da yunwa. Wanda ya tsaya a gindin shinge a irin wannan safiya zai gan ta tana shawagi ƙasa-ƙasa, tana kai gwauro tana kai mari, ta sauka ta leƙa wani rami, ta fito, ta wuce na gaba. Tsohon ramin ɓera take nema, wanda mai shi ya bari da shimfiɗarsa ta busasshiyar ciyawa. Wasu nau'o'in ba sa shiga ƙasa, a gindin doguwar ciyawa mai tushe suke gini.

Idan ta samu wuri, sai ta ƙera ɗan tulu na kaki wanda bai fi kan yatsa ba, ta cika shi da ruwan fure, ta dunƙule garin fure ta sa ƙwai a kai, sannan ta hau ta yi kwanci kamar kaza. Tana riƙe ɗumin ƙwan a wajen digiri 30 a ma'aunin Salshiyas ko da a waje raɓa ta daskare. Wannan ɗumamawa tana cin abinci ƙwarai, saboda haka dole ta riƙa fita kiwo, in kuma ta daɗe a waje ƙwan ya huce. Nisan da ke tsakanin raminta da fure mafi kusa shi ne ke yanke hukunci a kan gidan tun kafin a haifi ma'aikaciya ko ɗaya. Bayan mako huɗu zuwa biyar ma'aikatan farko su fito, gidan ya yi ta girma har ya kai ma'aikata 50 zuwa 400, gwargwadon nau'i. Sai can ƙarshe, galibi daga Yuli zuwa Satumba, ake haifar maza da sababbin sarauniyoyi. Bayan barbara sarauniyoyin su ci su yi ƙiba su shiga ƙasa, sauran 'yan gidan kuma su mutu.

Ke nan rayuwar hannu baka hannu ƙwarya gidan yake yi, kuma yana buƙatar fure ba yankewa tun daga Maris har Satumba. Sannan ribar gidan ita ce sarauniyoyin da ya fitar a ƙarshe. Gidan da ya tara ma'aikata ɗari biyu amma ya mutu kafin ya fitar da sarauniya daidai yake da gonar geron da ta yi kara ba ta yi zangarniya ba.

Da gaske ne yana raguwa, ko dai zuzutawa ce?

Raguwar gaskiya ce, sai dai ba kowane nau'i ta shafa ba. Ƙididdigar da IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu, ta fitar a 2014 ta nuna cewa daga cikin nau'o'i 68 na Turai, kashi 46 cikin 100 suna raguwa, kashi 24 kuma suna fuskantar barazanar ƙarewa. A Birtaniya, inda ake da nau'o'i 24 a yau, an yi wa Bombus cullumanus ganin ƙarshe a 1941, Bombus subterraneus kuma a 1988 a Dungeness da ke gaɓar kudu maso gabashin Ingila, aka bayyana ƙarewarsa a ƙasar a 2000. A Amurka, binciken da Sydney Cameron ta jagoranta aka wallafa a 2011 ya gano cewa nau'o'i huɗu sun ragu, har raguwar ta kai kashi 96 cikin 100 a mafi muninta. A 2017 gwamnatin ƙasar ta sa Bombus affinis cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, Bombus franklini kuwa rabon da a gan shi tun 2006.

A gefe guda, Bombus terrestris yana nan daram a mafi yawan Turai, Bombus hypnorum kuma, wanda aka fara gani a Ingila a 2001, ya bazu har Sikotiland yana gini a akwatunan tsuntsaye. Wannan ne ke ruɗa mutane, domin mai lambu yana ganin bombus kullum a furanninsa, bai san cewa nau'o'i shida ko bakwai ne kawai suke ta maimaita kansu ba.

Me ya sauya a gonakin Birtaniya da ya jawo wannan?

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu gonar Birtaniya gona ce ta haɗe-haɗe. Da dawaki ake huɗa, dawaki kuma suna buƙatar ingirici, saboda haka kusan kowane manomi yana da filin ciyawar da ba a yanka sai ƙarshen Yuli ko Agusta, bayan furannin cikinta sun buɗe sun zubar da iri. Ana kuma juya shuka: bana alkama, baɗi wani abu, wata shekarar a shuka kuloba, wato wata ciyawa 'yar dangin wake da ke mayar wa ƙasa ƙarfinta kamar yadda wake da gyaɗa ke yi a wurinmu. Tsakanin gona da gona akwai shinge mai rai na ƙananan itatuwa da ƙaya, gindinsa cike da doguwar ciyawa da ramukan ɓeraye.

Yaƙi ya zo da tsoron yunwa, aka umarci manoma su huɗe makiyayu, dokar noma ta 1947 kuma ta ɗora da tabbatar musu da farashi da tallafi domin su ƙara yawan amfani. Tarakta ta maye gurbin doki. Takin zamani ya sa ba a buƙatar kuloba. Maimakon ingirici sai aka koma yankan ciyawa ɗanya ana taushe ta a rufe har ta yi tsami, kuma irin wannan yanka ana fara shi ne tun watan Mayu, a maimaita sau biyu ko uku, kafin wani fure ya samu sukunin buɗewa. Filin da aka zuba wa taki ciyawa mai saurin girma ce ke mamaye shi, ta shanye haske, ƙananan furanni su ɓace ko da ba a fesa musu komai ba. An tuge dubban kilomitoci na shinge domin manyan injuna su samu wurin juyawa, har da tallafin gwamnati a wani lokaci, kuma sai a 1997 aka yi dokar kare muhimman shingaye a Ingila da Wales. Sakamakon duk wannan shi ne adadin da ake yawan ambata: tsakanin shekarun 1930 da 1984, Ingila da Wales sun rasa kimanin kashi 97 cikin 100 na filayen ciyawarsu masu furanni na yankunan da ba na tsaunuka ba.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa manoman wancan zamani laifi. Ƙasar ta ci gaba da rabon abinci da kati har 1954, kuma abin da aka roƙe su ke nan suka yi. Amma gaskiya ce cewa filin da ke kore shar a idon matafiyi yana iya zama fako a wurin bombus. Irin wannan ya faru a jihar Illinois ta Amurka, inda nazarin tsofaffin ƙwarin da ke ajiye a gidajen tarihi ya nuna cewa babbar raguwar ta faɗo ne tsakanin 1940 da 1960, daidai lokacin da noman zamani ya kankama a yankin.

Me ya sa sunan kuloba ke yawan fitowa a wannan magana?

Domin nau'o'in bombus sun bambanta a tsawon harshe. Masu gajeren harshe suna kiwo a furanni iri-iri, masu dogon harshe kuwa sun fi dogara da furanni masu zurfi, musamman jar kuloba da 'yan'uwanta na dangin wake, waɗanda garin furensu ke da sinadarin gina jiki mai yawa, abin da tsutsar bombus ke buƙata. Da kuloba ta bar gonaki, su ne suka fara jin jiki.

Dangantakar tsohuwa ce. Charles Darwin ya rubuta tun 1859 cewa jar kuloba ta dogara da bombus wajen yin iri. Manoman New Zealand sun ga haka da idonsu, domin sun shuka ta ta ƙi yin irin kirki, sai da aka yi jigilar sarauniyoyi daga Ingila a jirgin ruwa a 1885. A Suwidin kuma an samu abin da ba kasafai ake samu ba, wato tsofaffin ƙididdigogi na gonakin jar kuloba tun daga shekarun 1940. Da Riccardo Bommarco da abokan aikinsa suka kwatanta su da na zamani a 2012, sai suka ga nau'o'i biyu masu gajeren harshe, terrestris da lapidarius, sun tashi daga kashi 40 cikin 100 na bombus ɗin da ke gonakin zuwa kashi 89, yayin da kason masu dogon harshe irin su hortorum ya ragu ninki goma. A tsawon wannan lokaci yawan irin da ake girba ya ja baya, kuma bambancin girbin wata shekara da na wata ya ninka.

To ai gonakin kanola fure ne iya ganin ido. Wannan bai wadatar ba?

Kanola, shukar nan mai rawayan fure da ake tatsar mai daga irinta, tana rufe ɗaruruwan hektoci a watan Afrilu da Mayu, kuma bombus yana cin moriyarta. Matsalar ita ce makonni kaɗan take yi. Binciken Catrin Westphal da abokan aikinta a Jamus ya nuna cewa gidajen da ke kusa da kanola suna saurin girma da farko, amma wannan girma bai kai su ga fitar da ƙarin sarauniyoyi ba. Gidan ya yi yawan bakuna a Mayu, sannan fure ya ɗauke daidai lokacin da buƙata ta fi tsanani.

Masu bincike na Jami'ar Bristol sun auna ruwan furen da gonakin kudu maso yammacin Ingila ke samarwa a tsawon shekara, suka wallafa a 2019, inda suka gano manyan giɓi a watan Maris da kuma ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Na farko yana faɗa wa sarauniyar da ta fito daga ƙasa, na biyu kuma yana faɗa wa sarauniyar da ke shirin shiga. Duk wanda ya san yadda watan Agusta yake a gidan da rumbunsa ya ƙare kafin sabon gero ya nuna, ya fahimci wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ana cewa shimfiɗar ƙasa ta fi gona ɗaya muhimmanci. Me ake nufi?

Bombus bai san iyakar gona ba. Abin da ya sani shi ne da'irar da zai iya zagayawa daga gidansa ya dawo da riba. Terrestris yana iya yin kilomita ɗaya da rabi ko fiye, ƙananan nau'o'i kuwa ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. A cikin wannan da'ira dole a samu abu uku: wurin gini, fure a kowane wata, da ƙasar da garma ba za ta taɓa ba inda sarauniya za ta kwana hunturu. Idan ɗaya ya rasa, sauran biyun ba su da amfani.

Aikin da ya fi burge ni a nan shi ne na Claire Carvell da abokan aikinta a yankin Hillesden na Buckinghamshire a Ingila, wanda aka wallafa a 2017. A fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 20 sun riƙa kama ma'aikata da sarauniyoyi, suna ɗaukar ɗan guntun ƙafa su sake su, sannan su yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta su gano wace ce 'yar wace. Ta haka suka iya cewa wannan sarauniya da aka kama bana 'yar'uwar ma'aikatan wancan gida ce na bara. Abin da ya fito shi ne, zuriyar gida tana da damar kaiwa baɗi sosai idan akwai wuraren kiwo masu kyau tsakanin mita 250 zuwa 1,000 daga gidan, musamman idan akwai furen farkon shekara da na tsakiyarta duka. Wannan hujja ce ta zuriya, ba ta taruwar ƙwari a kan fure kawai ba, domin fili mai fure yana iya jawo ma'aikata daga nesa ba tare da yawan gidaje ya ƙaru ba.

A batun wurin gini, ƙididdigar da Juliet Osborne ta jagoranta a Birtaniya, aka wallafa a 2008, ta samu gidajen bombus 20 zuwa 37 a hekta ɗaya a lambunan gidaje da gefen shinge da bakin daji, amma 11 zuwa 15 kawai a tsakiyar daji da filayen ciyawa. Saboda haka ƙananan gonaki masu yawan iyakoki sun fi gona ɗaya shafal.

Akwai kuma wata illa da ba ta fitowa fili. Idan wuraren zama suka tsattsage suka zama tsibirai, sai barbara ta koma tsakanin dangi na kusa. Yadda halittar bombus take, sarauniyar da ta haɗu da namiji mai irin gadonta tana iya haifar maza marasa amfani a madadin rabin ma'aikatanta, irin wannan gida kuwa da wuya ya kai labari. Nau'i kamar Bombus sylvarum, wanda ya rage a 'yan wurare kaɗan a Birtaniya, irin su bakin kogin Thames da fadamun Somerset da Gwent, yana cikin wannan haɗari.

Ina matsayin maganin ƙwari?

Wanda aka fi bincika shi ne dangin neonicotinoid, wato imidacloprid da clothianidin da thiamethoxam, waɗanda suka shigo kasuwa daga shekarun 1990. Galibi cuɗa iri ake yi da su kafin shuka, maganin ya bi jikin shukar har cikin ruwan fure da garinsa. Adadin da ke kaiwa ga furen ba ya kashe bombus nan take, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Yana taɓa jijiyoyinsa ne, ya rage masa ƙwarewar kiwo da gane hanyar gida.

A 2012 masu bincike na Jami'ar Stirling sun ciyar da gidaje abinci mai imidacloprid daidai gwargwadon abin da ake samu a gona, na tsawon mako biyu, sannan suka kai su fili. Gidajen sun fitar da sarauniyoyin da suka gaza na sauran da kashi 85 cikin 100. Da aka ce ai gwajin ɗaki ne, sai Maj Rundlöf ta Jami'ar Lund ta gwada a ainihin gonakin kanola 16 a kudancin Suwidin, rabi da irin da aka cuɗa da clothianidin, rabi babu. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna gidajen bombus na gefen gonaki masu magani ba su yi girma ba, sarauniyoyinsu sun yi ƙaranci, alhali ba a ga wata illa a fili ga ƙudan zuma ba. Wannan batu yana da nauyi, domin shekara da shekaru ƙudan zuma ne ake gwada magani a kansa kafin a ba da lasisi, shi kuwa amya mai dubban ma'aikata tana iya jure asarar da za ta rushe gidan da sarauniya ɗaya ke riƙe da shi.

Ƙari a kan haka, kaso kaɗan ne na maganin ke shiga shukar, sauran yana zama a ƙasa da ruwa, kuma binciken Jami'ar Sussex ya same shi a furannin daji na gefen gona. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da magungunan uku a 2013, ta haramta su a buɗaɗɗen fili a 2018. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Binciken da aka wallafa a 2023, wanda ya bi gidaje 316 a wurare 106 cikin ƙasashen Turai takwas, ya samu cewa magungunan da har yanzu ke halal suna rage girman gidaje da yawan abin da suke haifarwa, kuma illar ta fi tsanani a yankunan da gonaki suka mamaye ko'ina.

Maganin ciyawa da na cututtukan shuka fa?

Babbar ɓarnar maganin ciyawa ita ce kawar da furannin da manomi ke ɗauka haki ne, bombus kuwa abincinsa ne. A 2022 kuma masu bincike a Jami'ar Konstanz sun nuna cewa maganin ciyawa na glyphosate yana rage wa gida ikon riƙe ɗumin ƙwansa idan abinci ya yi ƙaranci, wato yunwa da guba suna ƙarfafa juna. A Amurka an samu alaƙa tsakanin yawan amfani da chlorothalonil, maganin cutar ganye, da yaɗuwar wata cutar bombus da ake kira Nosema bombi a nau'o'in da ke raguwa.

Tunda ana kiwonsa ana sayarwa, me zai hana a cike giɓin da na saye?

Furen tumatir ba ya sakin garinsa sai an girgiza shi. Bombus yana cije bakin furen, ya karkaɗa jikinsa da wata ƙara mai kaifi, gari ya zubo masa a ciki, ya bar ɗan tabo mai ruwan ƙasa wanda manomi ke dubawa ya tabbatar an ziyarci furen. Ƙudan zuma ba ya iya wannan. Kafin 1985, lokacin da wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya nuna amfanin bombus a gidajen gilashi da ake noman tumatir a ciki, ma'aikata ne ke bin furanni da sandar lantarki mai girgizawa. Ya kafa kamfanin Biobest a 1987, kuma a yau ana jigilar gidajen bombus cikin kwalaye zuwa ƙasashe da dama.

Amma 'yan nau'o'i kaɗan ne ake kiwo, kuma mafi ƙarfinsu ne, waɗanda dama ba su cikin haɗari. Inda aka kai su ƙasar da ba tasu ba kuwa an yi da-na-sani. An shigar da terrestris Chile a ƙarshen shekarun 1990, ya tsallaka Ajantina a 2006, kuma duk inda ya isa sai Bombus dahlbomii, ƙaton bombus mai launin ruwan goro na Patagoniya, wato kudancin waɗannan ƙasashe biyu, ya ɓace ko ya kusa. Japan ma ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2006 bayan ya bazu a tsibirin Hokkaido.

Ajiye amya a gona ba zai taimaka ba?

A'a. Kiwon zuma sana'a ce mai albarka, amma ba ya ƙara wa bombus komai. Inda fure ya yi kaɗan, amya tana ƙara bakunan da ke rububinsa, kuma binciken da aka wallafa a 2014 ya samu cutar da ke nakasa fikafikan ƙudan zuma a jikin bombus na daji a faɗin Birtaniya.

Ba sauyin yanayi ne ainihin dalili ba?

Yana cikin dalilai, kuma nauyinsa yana ƙaruwa. Nazarin Jeremy Kerr da abokan aikinsa na 2015 ya nuna iyakar kudu ta nau'o'i da dama a Turai da Arewacin Amurka ta ja baya har kilomita 300, ba tare da iyakar arewa ta matsa gaba ba. Sai dai asarar filayen ciyawa ta Birtaniya ta riga tsananin ɗumamar nan, kuma ƙwaron da zafi ke kora arewa yana buƙatar samun fure da wurin gini a kan hanya.

Akwai inda noma da kansa ya raya bombus?

Akwai, kuma wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa a bar ƙasa kawai ta koma daji. Bombus distinguendus, babban rawayan bombus da a da ake samu a faɗin Birtaniya, yanzu ya rage ne a can arewacin Sikotiland, a tsibiran Hebrides da Orkney da gaɓar Caithness da Sutherland. A Hebrides mazauninsa shi ne filin yashi na bakin teku da ake kira machair, inda ƙananan manoma ke sakin shanu su yi kiwo da hunturu, su janye su lokacin fure, su yi takin ciyawar teku, su noma ƙananan filaye su bar wasu saura, su yi yanka a makare. Idan aka daina kiwon gaba ɗaya doguwar ciyawa ce za ta danne furannin, idan kuma aka cika tumaki su aske komai har ƙasa.

A Dungeness an yi ƙoƙarin dawo da subterraneus. Aikin ya fara a 2009, kuma daga 2012 zuwa 2016 an riƙa kawo sarauniyoyi daga kudancin Suwidin ana saki. Nau'in bai kafu yadda aka yi fata ba. Amma domin tarbarsa an shawo kan manoman yankin sun shuka kuloba, sun sauya lokacin kiwo da yanka, sai ga wasu nau'o'i da suka yi wuya, irin su ruderatus da humilis, suna bayyana a wuraren da aka daɗe ba a gan su ba. Matakan ba masu tsada ba ne: a bar gefen gona da ciyawa mai tushe, a daina aske shinge kowace shekara domin ya yi fure, a bar itatuwan da ke fure a Maris, a yi yanka kashi-kashi domin kullum a samu ɓangaren da ke da fure, a shuka jar kuloba da za ta kai Satumba. Sharaɗin shi ne maƙwabta su yi tare, tunda da'irar kiwon gida ɗaya takan ratsa gonakin mutane da yawa.

Mu da ba mu da bombus, me ya shafe mu?

Ba mu da shi, kuma bayan abin da ya faru a Patagoniya da Hokkaido bai kamata kowa ya yi sha'awar sakinsa a ƙasarmu ba. Muna da masu yin irin aikinsa: ƙudan zuma, da galla, da baƙin ƙudan nan ƙato mai huda busasshen itace, wanda ke ziyartar furen wake kuma ya iya girgiza fure kamar bombus. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna ziyarar ƙudaje irin waɗannan tana ƙara yawan auduga da riɗi, kaɗanya ma tana buƙatarsu kafin ta yi 'ya'ya sosai. Su ma suna da lokacin yunwarsu, wato rani, kuma itatuwan gona ne ke riƙe su: gawo da ke fure bayan damina ta ɗauke, sannan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro a tsakiyar rani.

Magungunan da Turai ta haramta a buɗaɗɗen fili kuwa suna kasuwanninmu. Wasu daga cikin magungunan cuɗa iri da na feshin wake da kayan lambu suna ɗauke da imidacloprid ko thiamethoxam, kuma sunan yana rubuce a jikin leda ko kwalba ga wanda ya duba. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma a waɗannan sa'o'i ne ƙudajen ke kansa. Manomin da feshi ya zame masa dole, idan ya jira la'asar sakaliya ya rage musu haɗuwa da maganin kai tsaye, ko da yake wanda ke bin jikin shuka yana iya kaiwa furen da zai buɗe washegari.